Jan Farce a Cikin Radiyo Mai Lamba Bakwai

Ku ƴan santar koyon gyara na yanzu, kullum da safe ina ganinku kuna wucewa ta ƙofar atalyena, rumfar gyaran nan, cikin farar riga mai aljihu uku, kowa da ɗan turnabis ɗinsa na kwance noti, siriri kamar tsinken sakace, kuna leƙo ni kuna ƙunshe dariya. Na san mi kuke cewa. "Ga tsohon nan mai gadin gawar tele." Ba ku yi ƙarya ba. Gawa ta kai arba'in a bayana, an jera su har rufi. Wasu masu su sun rasu, wasu sun ƙaura, wasu kuma sun rantse mini da Allah za su dawo kasuwa mai zuwa, tun kafin a ɗaura auren iyayenku. To amma tunda kun ce sana'ar ba wuya, cire ekaran ne, gilashin fuskar waya, a ɗora wani, ku tsaya ku ji labarin gidan da kuke shiga daga bakin wanda ya share shi da tsintsiya ranar farko.

Ni ne Ilu Mai Radiyo. Mu goma sha biyu aka buɗe santar da mu, kuma yau in ka zaga Gaya daga gada har hanyar Kamba, cikinmu ni kaɗai za ka samu riƙe da ƙarfen dalma. Da ya kamata mu zama biyu a teburin nan. Yadda aka yi na zama ni kaɗai, shi ne labarin.

Wancan gini naku mai fenti da pano mai tara hasken rana a kan rufi, da can mangazar gyaɗa ce a bayan otogar, tashar mota. Da aka daina tara gyaɗa sai aka ce a mai da ita wurin koyon gyaran radiyo, amma ba wanda ya sanar da ɓeraye. Shekararmu ta farko tare da su muka yi karatu, kuma wallahi wasunsu sun fi wasunmu zuwa kan lokaci. Tebur shida, mutum biyu-biyu. Ƙarfen dalma huɗu, in kuran, wutar lantarki, ya tafi a tura su cikin gawayi. Multimetir guda ɗaya tak, mai allura, shi ake auna komai da shi, yana kwana cikin akwatin katako, makullin a wuyan malam, wanda muke ce wa Mushe da Faransanci, kamar laya.

Mushe Biyo shi ne malaminmu, shi ne direkter, shi ne mai gadi in mai gadi ya tafi gona. Mutumin ƙetaren kogi ne, kullum da safe yake hayo gada bisa keke, ƴan duwan masu binciken kaya na gefen biyu ba su tambayarsa takarda don shi ke gyara musu radiyo. Hausarsa rabi Dendi ce rabi Faransanci, amma zaginsa kowa na ganewa ba tafinta. In ka ɗauki turnabis da wuri sai ya buge maka hannu da rula. "Hanci tukuna. Sannan kunne. Turnabis shi ne na ƙarshe, kamar wuƙar likita."

Aikin farko da aka ba teburinmu radiyon wani tsoho ce daga Tanda, ya kawo ta naɗe cikin zanen matarsa kamar jinjiri. Mushe ya ce in tambaye shi. Na ce, "Baba, mi ya same ta?" Ya ce, "Wallahi ɗana, haka nan kawai ta yi shiru, muna tsakiyar jin labaru." Ku riƙe wanga: tun da aka ƙera radiyo a duniya, ba wadda ta taɓa faɗuwa, ba wadda ruwa ya taɓa duka, ba wadda yaro ya taɓa juya wa pil, wato batir. Dukansu haka nan kawai suke yin shiru. Ina shirin ƙara tambaya sai abokin teburina ya ɗauke ta ya kai hanci. Ya shaƙa sau biyu. Ya ce, "Baba, kun dai samu kifi ranar?" Tsoho ya yi tsuru-tsuru, sannan ya fashe da dariya, ya ce ai jirgin ne ya karkata, kuma ba ta daɗe cikin ruwan ba, ko Fatiha ba a ida ba aka tsamo ta.

Wanga abokin tebur shi ne Hamani. Bazabarme ne, ni kuwa Bagobiri, abokan wasa tun kakanni, kun ga ke nan Allah ne ya haɗa ni da bawana a benci guda. Ina ce masa bawana, yana ce mini bawansa, shekara biyu ba a raba gardamar ba. Amma maganar hannu kam ba gardama. In Hamani ya ɗiga dalma a allon radiyo sai ta zauna kamar raɓa bisa ganye, tana sheƙi. Tawa kuwa a lokacin, Mushe ya ce kamar kaza ce ta bi ta kan allon ta yi abin da ta saba.

Uban Hamani, Alhaji, yana da kamiyo biyu, manyan motocin kaya masu jigilar Kwatano, kuma bai ga dalilin da ɗa mai lafiya zai zauna yana tonon akwatin surutu ba. Da ƙyar ya yarda, da sharaɗi, a gabana ya faɗa: "Shekara biyu na ba ka. Ka zo mini da diplom, na ƙyale ka. Ka zo hannu banza, ka hau bayan kamiyo, kuma ban son jin wata magana." Mu kuwa tun shekarar farko mun gama tsarinmu. Rumfa a bakin otogar, tebur guda, kujera biyu. Ni ne baki, shi ne hannu. Ni in tare mai kaya da surutu har ya manta yana sauri, shi ya yi aikin. Abin da ya rage kawai sunan wa za a fara rubutawa a allon ƙofa. Na ce ba a taɓa sa bawa gaban ubangidansa ba. Ya ce shi ya sa za a fara da Hamani.

Yanzu ku ji yadda ake fita santar a zamaninmu, don ku na ji an ce takarda ake raba muku kuna cikewa. Mu binne pan ake yi, wato ɓoye wa radiyo ciwo. Mushe zai kawo radiyo goma sha biyu masu lafiya, ya liƙa wa kowace lamba. A ba kowane ɗalibi guda, shi kaɗai cikin ɗaki, ya sa mata ciwo ɗaya ya rufe, Mushe ya rubuta wa ya binne a wace. Kashegari a zuba lambobi cikin hular Mushe kowa ya ja, in ka ja taka ka mayar. Wadda ta faɗo maka, daga safe zuwa kiran azahar sai ka gano ciwon da ɗan'uwanka ya binne, ka ciro abin ka ɗora a wani farantin shayi gaban Mushe, sannan ka gyara ta yi magana garau. Ba abu a faranti, ba diplom. In an kasa ganowa, wanda ya binne shi zai zo ya tone da hannunsa.

Doka guda ce, kuma mun haddace ta kamar Ƙulhuwallahu. Ka sa mataccen abu, ko ka sa wanda ba na wurin ba, duk an yarda, don haka radiyo ke zuwa daga hannun wasu masu gyara. Amma ka bar abu da fuskarsa. Wanda ya ɓad da kamar abu don ya ruɗi ido, in ji Mushe, ba mai gyara ba ne, ɓarawo ne mai turnabis, gobe talaka zai yi wa haka. Korarsa za a yi ba takarda, ko da ya fi kowa iyawa. Sai kuma ɗan abin da ya kashe ni: wanda pan ɗinsa ya fi wahalar da mutane, shi ne gwanin shekara. Ba kyauta, ba komai, suna ne kawai. Ni kuwa duk duniya ba abin da nake so kamar suna.

Kun san rezistans, ɗan abin nan kamar ƙwayar shinkafa mai zobba masu launi, launin ke gaya maka ƙarfinta. Mu ba mu cika auna ta ba, tunda multimetir guda ne ana layi a kansa, da ido muke karantawa mu wuce. Lamba bakwai aka ba ni in binne. Na cire wata mai zoben rawaya, shunayya da ja, na nemo ƴar'uwarta mai rawaya, shunayya da ruwan goro, wadda ta ninka ta sau goma. Sannan na zaro kwalbar jan farcen yayata Hadiza daga aljihu, na fere tsinken ashana, na bi zoben ruwan goron nan a hankali har ya koma ja. Na hura ya bushe. Wallahi ko gidan da suka ƙera ta sai sun rantse ɗiyarsu ce. Na kunna radiyo, tana magana, amma kamar mai mura a cikin rijiya. Na rufe na fito ina taku ɗai-ɗai.

Mutum goma sha ɗaya ne za su iya jan lamba bakwai. Ban tsaya na ƙirga cewa bawana na cikinsu ba.

Da safe Hamani ya sa hannu cikin hula ya ɗago bakwai. Har juyowa ya yi ya nuna mini yana murmushi, bai san ta wa ba ce. Ni uku na ja, wani kondansater ne ya kumbura kamar cikin mai kwaɗayi ranar suna, ko makaho ya lalubo shi. Kafin hantsi na ɗora a faranti, na koma benci na zauna, don an hana magana kuma an hana fita. Na ce ai Hamani ne, zai gano. Sai a nan sauran lissafin ya iso mini: in ya gano, jan farce zai hau faranti, sunana kuwa na rubuce a takardar Mushe. Na zauna ina addu'a iri biyu masu karo da juna.

Ɗaya bayan ɗaya radiyoyi suka fara magana, wagga Hausa, waccan Zabarmanci, wata kiɗa. Hamani na bin allo layi-layi. Sau uku ya karɓi multimetir, yana ɗaga ƙafar abu da ƙarfe yana aunawa yana mayarwa. Rana ta kusa tsaka na ga ya tsaya cak da ƙarfe a hannu, ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya koma wani gefen allon ya ci gaba da tone-tone. Ladan ya kira azahar. Mushe ya zo ya tsaya a kansa.

"Hamani, ina pan?"

"Ban gani ba, Mushe."

"Kai? Kai ne ba ka gani ba?"

"Ban gani ba."

"Na ƙara maka rabin sa'a. Ban taɓa yi wa kowa ba."

"A bar shi, Mushe. Na gode."

Mushe ya duba takardarsa ya ce, "Ilu, zo ka tone." Na zo, na ba jama'a baya, na ciro ta tana da zafi, na murje zoben da farcen babban yatsana kafin in juyo. Ta hau faranti da ruwan goronta, fuskarta ta gaskiya. Mushe ya ɗaga ta gaban tabarau, ya dubi Hamani, ya sake dubanta. Ya ce, "Wagga? Ruwan goro a wurin ja? Ɗan wata uku a santar ya ga wagga. Shekara biyu ina yabon makaho ashe." Ranar aka ce Ilu ne gwanin shekara. An tafa mini.

Ba a kwana uku ba Alhaji ya cika alkawarinsa. Na je otogar na tarar da Hamani bisa lodin albasa yana ɗaure tanti. Ya leƙo ya ce, "To, ka huta, rubuta sunanka kai kaɗai a allon." Na ce baɗi ai sai ya sake. Ya ce Allah ya kai mu. Gidan Mushe gada ce kawai tsakaninmu, kullum ina cewa gobe zan haye in gaya masa. Kafin goben ta zo, masu tallafa wa santar suka janye hannu, aka sa mata kwaɗo. Mushe ya koma ƙauyensu, can ya rasu. Ɓeraye suka karɓi gidansu.

Na kafa rumfa ni kaɗai. Kayan aikina ƙarfe biyu, turnabis uku, tsohon burushin haƙori na share allo, da gwangwanin madara cike da abubuwan da na kwance daga matattun radiyoyi. A sana'ar nan matacce ke ciyar da mai rai. Ranar kasuwa mutanen Bengu da Yelu su cika mini ƙofa, kowa da tasa a hammata, kowa na son a gama kafin motar garinsu ta tashi. Bakin da na tanada don tare su yana nan, amma in baki na aiki hannu ya tsaya, in hannu na aiki mai kaya ya ce Ilu ya yi girman kai. Haka na koyi dalma da zance a lokaci guda, na ƙona yatsun nan har ba su jin zafin kofin shayi.

Akwai wani ɗan kasuwa da ya sayo rakoda daga Kwatano, cikin kayan da ake saukewa daga jirgin ruwa, irin waɗanda suka sha aiki a wata ƙasa. Ya tara maƙwabta, ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya soka ta a bango. Ta ce fat, hayaƙi ya tashi. Ya iso wurina a guje yana cewa an yi masa baki. Na juya bayanta na nuna masa: ƙasar da ta fito, wutarsu rabin tamu ce. Na ce, "Alhaji, ba baki ba ne, ɗura ce. Ka ba jinjiri tuwon ƙato." A garin iyaka irin namu, kaya daga ko'ina suke faɗowa, in ba ka karanta bayan abu kafin ka ba shi wuta ba, kai da jana'iza ne kullum.

Da tele ta cika gari aka sake buɗe santar, aka raba mangaza biyu, aka kawo sababbin malamai daga Yamai. Sun bar binne pan, wai ɓata kaya ne. Sun kira ni sau biyu in nuna wa yara yadda ake sauke wutar da ke kwana a ƙeyar tele ko an kashe ta. Hannu ɗaya a aiki, ɗaya a bayanka kamar mai gaida sarki, don in ta kama ka da hannu biyu ta ƙirji za ta bi. Ni ta taɓa jefa ni daga nan har teburin mai shayi, na tashi ina gaida mutane da sunayen kakanninsu. Damina kuwa, tsawa ɗaya ta faɗi, kashegari tele goma a ƙofa, ga tsaka da ke shiga ciki neman ɗumi ta gasa kanta ta gasa allo.

Ita tele mai ƙatuwar ƙeya, maɓallan daidaita hotonta a baya suke, hoton kuma a gaba. Aikin mutum biyu ne, ɗaya na murɗawa, ɗaya na kallo yana cewa ƙara, rage, tsaya nan. Ni sai na sayi madubin wanzami na jingina a bango. Shekara da shekaru ina murɗawa ina kallon madubi ina ce wa kaina "ƙara kaɗan, ya yi," har mai shayi ya fara gaya wa mutane kuran ya taɓa ni. Labarin Hamani a bakin shoferori nake ji: ya zauna Paraku, ya yi iyali, ya gaji kamiyon Alhaji. In ya ratsa Gaya bai tsayawa. Ni ma ban taɓa fita titi tare shi ba.

Sai tele ta rame ta zama faranti, radiyo ta yi arhar da gyaranta ya fi sayenta, santar ta sake mutuwa ta sake tashi da portabul, wayar hannu, da pano, aka haifo ku. Ban ce ba ku iya komai ba. Na ga yadda kuke aiki ƙarƙashin gilashin ƙara girma, idona ba zai iya ba. Amma ku in abu ya ƙi, allon gaba ɗaya kuke cirewa ku jefar. Likitan da in ka ce kanka na ciwo sai ya sauya maka kai, ai dole ya ce likitanci ba wuya.

Muguwar shekara ita ce wadda aka rufe gada. Kun gan ta da idonku, amma ba daga kujerata ba. Kayan gyara ta ƙetare suke zuwa, suka yanke. Shoferori da ƴan kasuwa su ne masu kawo aiki, suka koma neman na tuwo. Kamiyoyi suka yi layi har ciyawa ta tsiro ƙarƙashinsu. Na yi kusan sati uku ban ɗumama ƙarfe ba. Har na fara lalata radiyona da safe in gyara da la'asar don kar hannu ya manta, amma binne wa kanka pan kamar yi wa kanka cakulkuli ne.

Wata rana da hantsi wani ƙaton mutum mai furfura ya tare mini hasken ƙofa. Ya ce, "Ina mai rumfar? A ce masa ubangidansa ya iso."

Na ɗaga kai. Na ce, "Bayin yanzu har tumbi suke ajewa?"

"Fofo, Ilu. Ka tsufa."

"Kai kuwa ka kumbura. Sau nawa ka ratsa garin nan?"

"Ya fi gashin kanka."

"Ba ka taɓa tsayawa ba."

"Yanzu ma ba ni na tsaya ba, gada ce."

Ba kujera ta biyu, sai ya zauna bisa wata matacciyar tele. Kamiyonsa na cikin layi, ba gaba ba baya. Daga ranar kullum sai ya zo da hantsi ya tafi da la'asar, mu sha shayi, mu zagi juna, mu lissafa ƴan ajinmu, wane ya rasu, wane na sayar da taya, wane ya zama liman. Maganar lamba bakwai ba wanda ya taɓo.

Ana nan sai aka kawo mini ampili na wani masallaci daga Bengu, abin da ke ƙara wa ladan murya. Yana gurnani ƙasa-ƙasa, in ladan ya ja sai ya shaƙe. Kwana uku ina bin sa. Na sauya abin da nake zargi, gurnani na nan. Hamani na zaune yana shan shayi. Rana ta uku ya ce, "Ƙara murya. Rage. Taɓa can da bayan turnabis." Ya karkata kai kamar zakara. Ya ce, "Ba mataccen abu ba ne, bawana. Dalma ce ta tsage a ƙafar babban kondansater, in ya yi zafi sai ta buɗe." Na juya allo na sa gilashi. Ga tsaga nan kamar silin gashi. Mutumin da ya fi shekara talatin yana jin rurin inji.

Na tashi daga kujerata. Na ce, "Zauna. Kai ka gano, kai za ka ɗinke. Kuma ka ji, gadar nan ba ranar buɗe ta. Sai da kamiyon, tebur na ɗaukar mutum biyu."

Ya yi dariya, amma ya zauna. Ya goge bakin ƙarfe a tsumma yadda Mushe ya koya mana, ya ɗauki zaren dalma a hagu. Ya kai ƙarfe. Bakin ƙarfen ya fara rawa. Ya janye, ya dafe gwiwar hannu a tebur, ya sake kaiwa. Rawa dai. Dalma ta ɗiga gefe ta haɗa layi biyu da ba su da haɗi. Ya gwada na uku, ya ƙona rigar wata waya. Sai ya aje ƙarfe a mazauninsa a hankali, ya buɗe tafin hannunsa yana kallo. Ya ce, "Sitiyari ya cinye shi. Ko kofi sai na riƙe da hannu biyu yanzu."

Na ce, "Ba sitiyari ba ne. Ni ne. Lamba bakwai, rezistans ɗin nan, fenti na yi mata. Ba makanta ka yi ba."

Ya ce, "Jan farcen Hadiza."

Na tsaya ina kallonsa.

"Ilu, na ɗaga ƙafarta na auna, allura ta tafi inda bai kamata ba. Ƙarfe na taɓa ta sai ƙamshi ya taso. Sau nawa na ci tuwo a gidanku yayarka na shafa abin nan a tsakar gida? Hanci tukuna, ko ka manta?"

"To mi ya hana ka ɗora ta a faranti?"

"In na ɗora, kai za a kora. Ni ina da kamiyon ubana da zan koma. Kai mi gare ka? Baki."

Ya kurɓi shayi da hannu biyu, ya aje.

"Wancan ni na zaɓa, ban riƙe ka da shi ba. Amma na zaci da Mushe ya ce zo ka tone, za ka ɗora ta yadda take. Ko ka ce Mushe, pan ɗin na da wuya, kar a zarge shi. Sai ka murje. Ka tsaya nan ya ce mini makaho gaban mutane, kana karɓar tafi. Wanga ne ya hana ni taka birki a garin nan."

Na ce, "Gaskiya ne."

"Na san gaskiya ne, ai ina wurin. Ɗauki ƙarfenka ka gyara ɓarnar da na yi, ladan na jira."

Na share dalmar da ta zuba, na ɗinke tsagar, yana tsaye a kaina yana cewa ta yi yawa, har yanzu kazar Mushe ba ta mutu ba. Ampili ya yi garau. Kashegari ya dawo da hantsi kamar kullum, da jibi ma, duk aikin da ya shigo shi ne kunne ni ne hannu, abin da ba mu taɓa tsarawa ba. Wata biyu muka yi haka. Ban sake cewa ya zauna ba, shi ma bai ce zai zauna ba.

Ranar da hanya ta samu gare shi, ya aiko mai shayi ya ce mini in fito bakin titi. Na fito da turnabis a hannu. Ga kamiyo ta taho a hankali, ya leƙo ta taga, ya danna kilakson, odar mota, sau biyu. Na farko ya fita lafiya, na biyu ya shaƙe a tsakiya. Waya ce ta saki a bayan rele, tun daga nan na ji ta. Na ɗaga hannu ina yi masa alama ya tsaya in ɗaure masa. Ya ɗauka sallama nake, ya ɗago nasa hannun, ya ƙara wuta.

Ku da kuke yawo ko'ina cikin gari, in kun ji wata kamiyo ta shigo da kilakson mai shaƙewa a kuka na biyu, ku ce wa mai ita ya tsaya. Aikin minti biyar ne.